Daga Dandali Zuwa Babban Fili

Da can, a ƙasar Tasawa da Mayahi, ba a gina filin wasa. Bayan girbi, samari su share dandali, makaɗa su zo, a yi kokowa.

A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa. Kantu na Maraɗi ya ci takobi. Daga baya aka sa wa filin kokowar Maraɗi sunansa. A 1989 kuma aka buɗe babban filin ƙwallo na Yamai, ginin Sinawa.

Amma Kantu ba a ginannen fili ya koyi kokowa ba. Jama'a, in ana rabon filaye a garinku, ku ware na yara. In dandali ya zama gidaje, ina za su koya?