Daga Sukuwar Doki Zuwa Gudun Babur: Tarihin Karaya da Ɗori a Ƙasar Batsari da Safana

Yau na ɗan jingine labarin littattafai, ina so mu waiwayi tarihin wani ciwo da kusan babu gidan da bai taɓa shiga ba a yankinmu, wato karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, musamman a tsakanin maza. Abin da na lura da shi shi ne, abin da ke karya namiji a Batsari da Safana ya sauya sau da yawa, amma hannun da ke ɗora shi yana nan kusan yadda kakanni suka bar shi.

A ƙarni na 19, bayan da jihadi ya ci Katsina a 1807 sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi, ƙasar Ruma da Dajin Rugu suka zama bakin daga. Zamanin barade ke nan irin su Sarkin Ruma Ɗanwaire. Karayar wancan lokaci ta doki ce da kulki da gora: mahayi ya faɗo ya dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye ko kafaɗa ta goce. Da Turawa suka shigo Katsina a 1903 yaƙi ya kwanta, amma maɗori bai rasa aiki ba. Da kaka samari na kokawa da dambe, yatsu na tsagewa, gwiwa na murɗewa. Ga mai faɗowa daga ɗorawa ko tsamiya, ga mai haƙar rijiya, ga makiyayin da sa ya tunkuya, ga manomin da sunkuyon noma ya cinye masa kwankwaso.

Ɗori sana'ar gado ce, har sarauta gare ta, Sarkin Ɗori. Maɗori zai lalubi wurin da yatsunsa, a danne majinyaci a ja gaɓar har ƙashi ya koma mazauninsa, a shafa man shanu, a jera karan dawa ko tsinke a ɗaure da tsumma, a yi tofi. Wasu ma sukan karya ƙafar kaza su ɗora ta tare da ta mutum. Ni dai ban ga laifin wanda ya yarda da su ba, domin ƙashi halitta ce mai haɗe kanta. In an daidaita shi an hana shi motsi, jini kan taru a bakin karayar, ya zama guntsi, sannan ya zama sabon ƙashi. Wuyan hannu kan ɗauki kamar mako 6, ƙauri ko cinya kuwa wata 3 ko fiye. Karayar da ba ta fasa fata ba, irin ta kokawa da faɗuwa, ita ce ta gina sunan maɗora.

A can Turai kuwa, wani likitan soja ɗan ƙasar Holan mai suna Mathijsen ya ƙirƙiro bandejin filasta wajen 1851, a 1895 kuma Röntgen na Jamus ya gano hoton da ke nuna ƙashi a cikin tsoka. Wannan ilimi ya daɗe kafin ya iso mu. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano sai a 1959 aka kafa shi, kuma ga mutumin Runka ko Ruma a wancan zamani, zuwa Kano tafiya ce ta mai guzuri. Daga baya ne Katsina ta samu nata, wato Asibitin Janar Amadi Rimi.

Abin da ya birkita lissafi shi ne babur. Tun daga matsin tattalin arziki na bayan 1986 samari suka rungumi acaɓa, da Jincheng da Bajaj suka cika kasuwa a shekarun 2000 kuwa, kowane ƙauye ya zama tasha. Babur ba ya karya mutum irin yadda abokin kokawa ke yi. Yakan farfasa ƙauri ƙashi ya ɓullo waje, ƙasa da tsatsa su shiga ciwon. Sai kuma masifar 'yan bindiga ta zo da nata, kamar harin Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari cikin Fabrairun 2020. Harsashi kan ragargaza ƙashi ya tsinka jijiya, abin da karan dawa ba zai gyara ba.

Nan ne gizo ke saƙar. In aka tamke gaɓa mai kumburi, jini ba ya gudana, cikin awa 6 zuwa 8 tsoka na iya fara mutuwa, ƙarshenta sai yankewa. Mutanenmu kan ce asibiti yanke ƙafa suke yi, alhali sau da yawa an kai ta ne bayan ta riga ta ruɓe. Magidancin da ya rasa ƙafa kuwa, gonarsa da iyalinsa ne suka karye tare da shi.

Don haka shawarata ga 'yan'uwa ita ce, a fara ɗaukar hoto kafin a ɗora. In ƙashi ya fito waje, ko karayar ta shafi cinya, ƙugu, gadon baya ko cikin gaɓa, ko harbi ne, to a nufi asibiti kai tsaye. In an ɗora a gida sai yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka daina ji, ko zogi ya ƙi lafawa, a sassauta ɗaurin nan take a garzaya wurin likita, kada a jira wayewar gari. Su kuma maɗora, martabar gadonsu za ta ƙaru ne in suka san karayar da ta fi ƙarfin kara suka tura ta gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya a Rugu da kewaye. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.