Yadda Aka Buɗe Durowar Masu Binciken Lafiya

Mu da muka daɗe a aikin tattara alƙaluman lafiya mun ga zamanin da mai bincike yake kulle bayanansa a durowa. Da ya wallafa sakamako a mujalla, shi ke nan. Wanda ya nemi ganin ainihin alƙaluman sai ya ji shiru. Gwajin maganin da bai yi kyau ba kuwa, ko labarinsa ba a ji. Sai a 2005 manyan mujallun likitanci suka fara ƙin karɓar gwajin da ba a yi masa rajista tun farko ba.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya fi sauya mana tunani. A 2009 aka kafa WWARN, ƙungiyar bin diddigin bijirewar zazzaɓin ga magani, mai cibiya a Jami'ar Oxford, aka shiga lallashin masu bincike su miƙo bayanan majinyatansu bayan an cire sunaye. Haɗa irin waɗannan bayanai ba aikin raggo ba ne. Wannan ya rubuta rana kafin wata, wancan wata kafin rana. Wani ya sa 99 a gurbin nauyin yaron da ba a auna ba, bai gaya wa kowa ba, sai ka ci karo da jariri mai kilo 99. Da aka tsefe bayanan aka haɗa, sai ga abin da gwaji ɗaya bai isa ya nuna ba: ƙananan yara masu shan maganin zazzaɓi dihydroartemisinin-piperaquine ba sa samun isasshen magani, shi ya sa zazzaɓin ya fi dawo musu. An wallafa wannan a 2013, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara musu ma'aunin.

Sai dai mai bayarwa ba kullum yake cin moriya ba. A 2007 Indonesiya ta hana samfurin ƙwayar murar tsuntsaye, tana cewa da shi ake yin rigakafin da ya fi ƙarfin aljihunta. Sai 2011 aka cimma yarjejeniyar rabon amfani. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da duniya ɓullar Omicron, sabon nau'in cutar korona, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, tukwicinsu shi ne aka hana jiragen ƙasashensu sauka. Cikin Disamba Birtaniya ta sa Najeriya ma cikin ƙasashen da ta taƙaita wa shiga.

Masu ba da kuɗin bincike yanzu suna gindaya sharaɗin buɗe bayanai, kuma daidai ne. To su haɗa da kuɗin horar da masu nazari a inda aka tattara su, sunan wanda ya sha rana ya tattara kuma ya fito a takardar.