Dattijon da ke ɗanɗana laka

Zuru ƙasar duwatsu ce da jangargari, amma akwai wani dattijo a garin da ya ci rabin shekarun aikinsa na gwajin ƙasa a cikin taɓon Neja Delta. Tun da ya yi ritaya ba ya son zancen, sai da ɗan ƙanensa, sabon injiniya, ya kawo masa sakamakon gwaji a kwamfuta amma ya kasa faɗin launin ƙasar.

"Baba, ai na'ura ta auna."

"Kai dai ba ka taɓa ta ba ke nan."

A wajen Boni dattijon ya san chikoko, baƙar lakar nan mai wari da ruɓaɓɓun saiwoyi, wadda ruwan teku ke rufewa ya janye sau biyu a yini. Gudumar gwaji mai nauyin kilo 63.5 ba ta da aiki a wurin: kafin a saki bugu ɗaya, sandar ta nutse da kanta. Can tsakiyar mashigin ruwa kuwa rairayi ne mai ƙarfi, shi ake yasowa a yi ciko. Taku kaɗan ne tsakanin ƙasar da za ta ɗauki gini da wadda za ta yi shekaru tana lotsawa.

Maigidansa na farko, wani tsohon foman, ba ya yarda a rufe samfur sai ya gutsuri ɗan kaɗan ya sa a haƙori. In ya ji gurus-gurus, akwai lallausan rairayi a ciki. In lakar ta yi santsi kamar man shanu, yumɓu ce zalla. Sannan ya murza ta a tafin hannu har ta yi siririya, kaurin milimita 3, ya ga inda za ta tsinke. Wannan hannun, in ji dattijon, ya fara koyonsa ne tun kafin Delta, a fadamun Yawuri, inda tafkin Kainji da aka tare a 1968 ke ja da baya duk shekara ya bar laka shimfiɗe.

Abin da ke ci masa rai har yau shi ne wani kamfani da ya ɗora samfuransa a bayan akori-kura. Girgizar hanya ta dagula lakar, alƙaluman ɗakin gwaji suka saɓa da nasa, aka ce shi ne bai iya awo ba. Shekara biyu yana jiran ƙarin girman da bai zo ba.