Labarin Masu Zaɓen Littattafai a Birnin Niyok

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da mutum da alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ku sani, ya jama'ar da ta sauka a Halem da Buronkis, littattafai da yawa suke, kwana kuwa kaɗan ne. Don haka kowace al'umma takan zaɓa wa 'ya'yanta abin da ya wajaba su karanta kafin ajali. Ga labarin mutum uku da suka yi wannan, da malami ɗaya da ya riga su a ƙasar Hausa.

Na farko Charles Eliot, wanda ya shugabanci makarantar Harvard shekara 40. Ya ce littattafan da suka cika kanta mai tsawon ƙafa 5 sun ishi mutum, in yana karantawa minti 15 kullum. Masu ɗab'i na Collier a Niyok suka kama maganarsa, suka fara bugawa a 1909, har mujalladi 50. A ciki akwai Dare Dubu da Ɗaya, da fassarar waɗansu surori na Alkur'ani, amma babu ko warƙa ɗaya ta malaman ƙasar Sudan. Wanda ya saya kuwa, shi kaɗai yake karatunsa, ba mai yi masa gyara.

Na biyu John Erskine, malami a makarantar Kolambiya. A 1920 ya buɗe darasi inda almajirai ke karanta littafi ɗaya kowane mako, sa'an nan su zauna da malamai a yi muzakara. Wannan ya fi kusa da karatun zaure, sai dai zaɓinsa bai fita daga Yunanawa da Rumawa da magadansu ba.

Na uku Arturo Schomburg, baƙar fata, haifaffen tsibirin Fotoriko, ya iso Niyok a 1891. An ruwaito cewa tun yana yaro aka ce masa a makaranta baƙar fata ba su da tarihi. Sai ya ƙare ƙarfinsa da guminsa yana tara abin da suka wallafa. A 1926 aka sayi tarinsa dala 10,000 da kuɗin gidauniyar Carnegie, aka ajiye a ɗakin karatu na titi na 135 a Halem. Ya rasu a 1938.

Amma tun 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi. Ya ce Alkur'ani wurin mahaifinsa ya karanta shi. Wurin wansa Shehu Usmanu kuwa ya ɗauki Ishiriniya, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajurumiya, da Ahalari, da Ishmawi, da Risala. Bai jera littattafai tsirara ba, sai tare da malaman da ya durƙusa gabansu, gama ilimi daga bakin mazaje ake karɓarsa.

To, abin lura a nan biyu ne. Na ɗaya, mai zaɓe abin da ya sani yake zaɓa, wanda ba ya nan kuwa babu rabonsa. Uban da bai zaɓa wa ɗansa ba, wani zai zaɓa masa, yaro ya tashi yana zaton kakanninsa ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Na biyu, littafi bisa kanta ba ya gyara alwala. Gara Ahalari ɗaya da aka sauke gaban malami da hamsin da ƙura ta rufe.

Saboda haka maigida ya fara da abin da ke gyara salla, ya bi da tauhidi da nahawu, ya haɗa da tarihin mutanensa. Sa'an nan kada a hana yaro littattafan mutanen gari, gama wanda ya san gidansu ba ya ɓata a kasuwa.

Allah ya ba da ilimi mai amfani, ya shiryi zuriya. Tamat bi hamdillahi.