Garama da Fito a Hanyar Konni

Tun kafin zuwan Turawa, baƙon da ke ratsa ƙasar Konni da Adar, ko Buzun Kel Geres ne da raƙuman gishiri ko farke mai jakunan goro, ya san hanya ba kyauta ba ce. Akwai garama, wato harajin da ayari ke biya a kan kayansa, akwai fito, wanda asalinsa kuɗin ƙetare ruwa ne kafin ya zama sunan kuɗin wucewa, akwai kuma gaisuwar da madugu, shugaban ayari, kan kai wa sarki idan an sauka a zango. Madugu kan yi ciniki a kan abin da zai bayar, yana kuma auna abin da zai samu, domin sarkin da ya karɓi garama ya ɗauki nauyin rijiya da makiyaya da tsaron dabbobi, wanda kuma ya tsawwala sai ya wayi gari ayari ya zagaye garinsa.

Mulkin mallaka ya sauya wannan lissafi. Yarjejeniyar 1898 ta sanya Konni a ɓangaren Ingila, sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka ragargaza birnin a 1899, sannan gyaran iyaka na 1904 da 1906 ya mayar da shi hannun Faransa, ya raba shi da Sakkwato. A kudancin iyakar, gwamnatin Ingila ƙarƙashin Lugard ta ɗora wa ayari haraji, fatake suka riƙa bin daji don kauce wa masu karɓa, har aka soke shi a 1907.

Masu yawon buɗe ido na zamanin mota sun gaji wannan hanya, domin mai zuwa Agadas daga Yamai yakan kwana a Konni kafin ya karkata arewa a Tsarnawa. Sun jure kuɗin biza da na shingayen kan titi shekara da shekaru, abin da ya ɗauke ƙafarsu shi ne tawayen Buzaye na 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010. Masaukan Konni dama sun fi dogara ga 'yan kasuwar Nijeriya, su ma kwastan bai taɓa hana su zuwa ba kamar yadda rufe iyaka ya yi a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da manyan motocin albasar Galmi suka rasa ƙofar shiga Illela ta jihar Sakkwato.