Garaya Ce Ko Molo? Yadda Ake Gane Tsohon Abin Kiɗa

Duk wanda ya tarar da tsohon abin kiɗa mai tsirkiya rataye a zauren wani maharbi a Ikara, Makarfi ko Kudan, kada ya yi saurin kiransa jitar gargajiya. Ya fara duba cikinsa. Garayar maharba da 'yan bori tsirkiya biyu gare ta, a kan sassaƙaƙƙen itace mai siffar ƙwai da aka rufe da fata. Molo tsirkiya uku ne, cikinsa dogo kamar kwalekwale. Gurmi kuwa ƙwarya ce. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya ce rak a kan gwangwani.

Shaidar da ta fi ƙarfi, a ganina, tana wuya. Mulmulalliyar sanda ce da ta kutsa ƙarƙashin fata, an ɗaure tsirkiyoyin da tsirin fata, babu kusoshin murɗawa irin na jita. Wannan ƙira ce ta haɗa garaya zumunta da ngoni na Mali da gimbiri na Maroko. Ibn Baɗuɗa, da ya isa Mali a 1352, ya ga mawaƙa riƙe da danginsu na zinariya da azurfa a fadar Mansa Sulaiman.