Gandun Dajin Yankari: Tarihinsa da Halin da Yake Ciki

Gandun Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a shekarar 1956 domin kare namun daji, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. A 1991 ya shiga sahun gandayen ƙasa da Gwamnatin Tarayya ke kula da su, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun Jihar Bauchi.

Kogin Gaji shi ne ransa. Idan rani ya tsananta, giwaye, ɓauna, gwanki da gogo duk a bakinsa suke taruwa, shi ya sa baƙi suka fi ganin dabbobi a wannan lokaci. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta yake tsaye a wajen digiri 31, damina da rani.

Mayar da gandun ga jiha ya ɗora mata nauyin da ba a cika lissafawa ba. Dakunan baƙi da tituna ido yana ganinsu, don haka samar musu kuɗi bai cika wuya ba. Albashin jami'an tsaron daji, guzurin sintiri, takalma da man mota kuwa ba a yi musu bikin buɗewa, alhali da su ake riƙe daji. Duk lokacin da sintiri ya yi rauni, mafarauta sukan shigo neman nama da hauren giwa, makiyaya su kutsa da shanu. Raƙumin dawa dai ya daɗe da ɓacewa daga Yankari.

A 2014 ƙungiyar WCS ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jihar kan tafiyar da aikin tsaron gandun, kisan giwaye kuma ya ragu ƙwarai bayan haka. Garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya.

Gandun ba shi da shinge, gonaki kuma sun matso har bakin iyakarsa. Garken giwaye kan cinye gonar dawa a dare guda, kuma manomin da ya yi wannan asara da wuya ya ɗauki giwa a matsayin dukiyar ƙasa. Saboda haka aka sanya wa wasu giwayen na'urar bin sawu a wuya, domin jami'ai su san inda garken ya dosa, su tare shi kafin ya isa gonakin ƙauyukan da ke kewaye.